Age of Empires II: ma'aikata kafin sojoji

Sabon ɗan wasa yakan zaci a fagen yaƙi aka kayar da shi. Sau da yawa tun mintocin farko ya faɗi, sa'ad da ya bar cibiyar garinsa zaune ba aiki. Ma'aikaci ɗaya kuɗinsa abinci 50 ne, yana fitowa cikin daƙiƙa 25. Sakacin minti guda, ka rasa biyu, abokin karawarka kuwa bai tsaya ba.

Tura shidan farko kan tumaki, ka gina gida kafin wuri ya cika, don mutum biyar kaɗai gida yake ɗauka. Riƙe ƙabila ɗaya har hannu ya saba. In an cinye ka, sake kallon wasan, ka ƙirga mintocin da cibiyar ta yi shiru.