Namun Daji Ma Suna Bukatar Burtali

Kowane manomi ya san amfanin burtali: in an toshe shi, shanu sai su faɗa gona. To, namun daji ma haka suke. Gandun daji kome girmansa ba ya isarsu, sai da hanyar da za ta sada shi da wani dajin, gama abinci da ruwa ba su zama wuri guda duk shekara.

A dubi raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai. Da damina suna kan tudu, da rani kuwa sai su gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo. Farauta, da saran itace, da faɗaɗa gonaki suka ƙarar da su, har a 1996 saura 49 kaɗai. Da aka tsare su, mutanen ƙauyuka kuma suka sa hannu, suka haura 600.

Malamin gona da zai koyar da wannan, kada ya tsaya ga lacca a gindin bishiya. Ya kira mai unguwa da arɗo da sarkin baka su taka hanyar da ƙafa, don maharba sun fi shi sanin sawu. Nan za a shirya barin itatuwan bakin rafi, da hana sa wuta. Kada kuma ya ɓoye cewa dabbobin za su taɓa amfanin gona. Gara a nisanta gonar wake daga hanyarsu. Waɗanda suka taka hanyar su za su kai maganar ƙauye na gaba, domin in can suka share nasu yankin, hanya ta yanke.