Abin Da Ya Sa Lasifikokin Da Suka Yi Girman Kabad

A cikin kayan ɗakin da aka yi yayi a shekarun 1960 da 1970, da wuya a sami wanda ya kai manyan akwatunan lasifika cika ido. Biyu ake saye, a girke ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne tsayinsa ya kai ƙugun mutum, jikinsa katako mai sheƙi, fuskarsa kuwa an rufe ta da yadi ko saƙar itace. A Nijeriya kasuwarsu ta buɗe sosai bayan an biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, lokacin da gidaje da dama suka sami na'urar juya faifai a karo na farko. A yau da lasifika mai girman tafin hannu ke karɓar waƙa daga wayar salula, magada da yawa suna ɗaukar waɗannan akwatuna tarkace masu cin wuri, su tura su sito, ko su sayar wa 'yan gwangwan a kuɗin goro. Alhali kuwa a Amurka da Turai da Japan masu sha'awa neman nagartattunsu suke yi ruwa a jallo. Kafin mutum ya rabu da nasa, ya kamata ya san dalilin da ya sa aka yi su haka.

Tambari da kanzagi

Lasifikar da aka saba da ita ta samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, watau Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana shi a 1925. Takarda ce mai siffar mazurari, an liƙa mata naɗin waya a gindi, an zaunar da naɗin cikin maganaɗisu. Idan lantarki ya bi wayar, sai takardar ta riƙa kai da komo tana tura iska, wannan motsi shi kunne ke ji. To, amma duk sa'ad da gabanta ya tura iska, bayanta janyo iskar yake yi, in kuwa suka haɗu sai su kashe juna, musamman a amo mai kauri. Shi ya sa ake sa ta cikin akwati, domin a raba gaba da baya.

Amo mai kauri kuma yana da cin iska. Sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya haura mita takwas, ƙaramar takarda ba ta iya tura iskar da yake bukata. Kowa ya san kanzagi ba ya yin rugugin tambari, komai ƙwarewar makaɗi. Saboda haka maƙera suka riƙa yin takarda mai faɗin inci 12 ko 15, da akwatin da zai ɗauke ta.

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da J. Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH. Abubuwa uku ake so ga lasifika: ƙaramin akwati, da amo mai zurfi, da ƙarancin cin wuta. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan biyu suna taunuwa, ta uku ce ke gagara. A shekarun 1940 da 1950 amfilifaya, watau na'urar ƙara ƙarfin murya, da bawul na gilashi take aiki, yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 20 ba. Tun da wuta kaɗan ce, amo mai zurfi kuma ana sonsa, ƙanƙantar akwati ce aka sadaukar.

Gwanayen farko

A garin Hope na jihar Arkansas, Paul Klipsch ya fara ƙera lasifikarsa mai suna Klipschorn a 1946. Dabararsa irin ta kakaki ce, wanda bakinsa ke buɗewa sannu a hankali har numfashin mutum ɗaya ya cika fili. Ya naɗe doguwar hanyar iska cikin akwati, sa'an nan ya tsara shi yadda dole a kusurwar ɗaki za a girke shi, bango biyu su zama ƙarashen bakin kakakin. Da wat ɗaya tak tana iya cika falo da ƙara. A Landan kuma kamfanin Tannoy ya fito da wata dabara a 1947, inda aka dasa mai fitar da siririyar murya a tsakiyar babbar takarda, domin kauri da siriri su fito daga wuri guda, kamar daga bakin mawaƙi.

Da faifan sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, bukata ta ninka, domin yanzu akwati biyu ake nema. Kamfanin JBL ya riga ya amsa da Paragon a 1957, wadda ta haɗa dama da hagu cikin jiki ɗaya mai tsawon kusan ƙafa tara, da lanƙwasasshen allo a tsakiya mai watsa murya cikin ɗaki. Kimanin dubu ɗaya aka ƙera kafin a daina a 1983, kuma kafintoci ne suka haɗa kowacce da hannu. Abu mai irin wannan girma ba ya ɓoyuwa, don haka aka yi masa ado irin na kabad da tebur, da ɓawon katako mai kyan zane, yadda uwargida za ta yarda ya zauna mata a falo.

Ba kowa ne ya yarda da girman ba. A 1954 Edgar Villchur ya fito da AR-1, ƙaramin akwati rufaffe ruf, wanda iskar da ke kulle a cikinsa ke riƙe takardar ta mayar da ita wurinta. Ya sami amo mai zurfi daga akwatin da ke hawa kanta, amma ƙa'idar nan ta karɓi hakkinta, domin sai da amfilifaya mai ƙarfi yake tashi. Ko shi kamfanin nasa, Acoustic Research, a 1978 ya koma ga doguwar lasifika mai tsayuwa a ƙasa, wadda ya kira AR9.

Ado da amo

Shekarun 1970 su ne lokacin da ado ya kai matuƙa. JBL L100 ta 1970 ta zo da fuskar soso mai gida-gida, akwai ruwan lemo, akwai shuɗi, akwai ruwan ƙasa. Sansui ta Japan ta yi suna da saƙar itace irin ta tagogin ƙasarta. Yamaha NS-1000M ta 1974 baƙa ce wuluk, an bar idanunta a fili kamar kayan ɗakin ɗaukar murya. Masu saurare suka riƙa rarrabe su da kunne: JBL da takwarorinta suna turo ganga da jita gaba, AR da KLH suna da laushi, na Ingila irin su KEF sun fi kula da muryar ɗan Adam ta fito kamar yana cikin ɗakin.

Har rikicin Afirka ya taɓa cikin waɗannan akwatuna. Maganaɗisun da aka fi amfani da shi a da, ana haɗa shi ne da wani ƙarfe mai suna kobal, wanda ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu, ke kan gaba wajen haƙo shi. Da 'yan tawaye suka kai hari garin Kolwezi na lardin Shaba a 1978, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, JBL da wasu kamfanoni suka koma wani maganaɗisu mai araha. Shi ya sa masu tara tsofaffin kaya ke tambayar shekarar da aka ƙera lasifika kafin su taya.

Sai dai ba duk tsoho ne nagari ba. Da kasuwa ta gane girma na jan ido, an ƙera akwatuna masu idanu biyar ko shida a fuska, jikinsu kuwa siririn allo. Ƙwaryar goge an yi ta ne domin ta taya tsirkiya kuka, amma akwatin lasifika aikinsa ya yi shiru, ya bar takarda ta yi magana. Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale har yashi ya riƙa ɗurawa tsakanin allunan nasa domin ya kashe kaɗawarsu. Wanda ke son gwaji, sai ya ƙwanƙwasa gefen akwati da gaɓar yatsa: in ya ji dum kamar bango, alama ce mai kyau, in ya amsa kamar ƙwarya, ado ne kawai.

Abin da ke lalacewa

Yawancin lasifikokin da ake zubarwa ba mutuwa suka yi ba. Zoben soso da ke riƙe bakin takarda yakan ruɓe bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin, amo ya koma kakarniya, alhali sauya shi ƙaramin aiki ne ga mai gyaran da ya iya. Kondensa da ke cikin na'urar raba kauri da siriri takan bushe, murya ta dushe, ita ma ana sauya ta. In an danna takardar a hankali aka ji tana gogar wani abu, naɗin wayar ne ya samu matsala, ko shi ana sake naɗa shi. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne katakon: danshin damina da ruwan goge ƙasa suna kumbura gindinsa, hunturu yana tsaga ɓawonsa, gara kuma ba ta barin komai.

Saboda haka wanda ya gaji irin waɗannan akwatuna, ya ɗaga su daga ƙasa kaɗan, ya raba su da hasken rana, ya matso da su daga bango in ba na kusurwa ba ne, sa'an nan ya zauna yadda nisansa da kowanne ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu. Kada kuma ya matsa wa ƙaramar amfilifaya har murya ta fashe, domin hakan ne ke ƙona mai siririyar murya. Amfilifaya ta zamani ta yi arha ta kuma yi ƙarfi, amma iska ba ta sauya hali ba tun zamanin Rice da Kellogg, kuma har gobe mai son jin rugugin ganga a ƙirjinsa sai ya ba ta wuri a ɗakinsa.