Sansanin Elmina: Rumbun Zinariya da Ya Koma Kurkukun Bayi

Sansanin Elmina yana bakin tekun Atilantika a kudancin ƙasar Gana, a kan wani fa da ya shiga tsakanin teku da tafkin Benya. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma babu wani ginin Turawa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara da ya girme shi. Farin bangonsa da manyan bindigogin da ke fuskantar teku su ne abin da baƙo ke fara gani. A ƙarƙashinsu akwai ɗakunan da aka riƙa tsare mutane kafin a ɗora su a jirgin ruwa zuwa nahiyar Amurka.

Ba don bayi aka kafa shi ba tun farko. Jiragen Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya mai yawa a hannun fataken Akan, har suka raɗa wa wurin sunan mahaƙa. Sarkinsu João na Biyu ya aiko Diogo de Azambuja da mutum kimanin 600, sojoji da magina, jiragensu ɗauke da sassaƙaƙƙun duwatsu daga gida. Sarkin garin, wanda ake tunawa da sunan Kwamena Ansa, bai amince da daɗin rai ba, kuma da magina suka taɓa wani dutse da mutanen gari ke girmamawa sai da aka yi faɗa. A shekarun farko ma shigo da bayi ake yi zuwa Elmina: Turawa su sayo su daga yankin masarautar Benin, su sayar wa attajiran Akan a karɓi zinariya, su kuma su sa su dako da haƙa.

Abin ya juya ne da gonakin rake suka bunƙasa a Barazil da tsibiran Karibiyan, masu su suka shiga neman hannun aiki ido rufe. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke kallon sansanin, suka girke bindigogi, suka ƙwace shi, ya zama hedikwatar kamfaninsu a wannan gaɓa. Kafin ƙarshen ƙarnin, cinikin mutum ya fara shan gaban cinikin zinariya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkuku.

Tsarin ginin kansa ya isa shaida. Maza suna gefe guda, mata suna wani, cikin ɗakunan dutse masu duhu da ba su da mashigar iska sai 'yan ƙananan kafofi. A nan ake ci, a nan ake kwana, a nan ake bayan gida, wani lokaci har watanni ana jiran jirgi ya zo ya cika. Atini da zazzaɓi da ƙyanda da agana ba sa raga wa mutanen da aka cunkusa haka. Barandar gwamna tana kallon tsakar gidan mata, daga can ake nuna wadda za a kai masa. Akwai wani ɗaki marar taga da aka keɓe wa masu tawaye, inda ake kulle mutum ba ci ba sha sai ya mutu. Cocin da Fotugal suka gina a tsakar gida, Holan suka mai da shi wurin ciniki, suka yi nasu ɗakin ibada a bene, a saman ɓangaren da ake tsare mata. Mafita ɗaya ce, wata siririyar ƙofa da mutum ɗaya kawai zai iya bi, wadda yau ake kira Ƙofar Da Ba A Komowa. Daga nan kwale-kwale ke kai su jirgi.

Masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.5 aka ɗora a jirage daga gaɓar Afirka a tsawon wannan fatauci, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Fiye da miliyan ɗaya sun fita ta gaɓar Gana ta yau, wadda ke cike da irin waɗannan sansanoni. Wannan lissafi ya fara ne daga bakin jirgi, domin littattafan 'yan kasuwa ne tushensa. Wanda ya faɗi a hanyar daji da sarƙa a wuya, da wanda ya cika a kurkuku aka jefa gawarsa a teku, ba su shiga ciki ba.

Turawa ba su cika shiga cikin ƙasa ba. Kawo musu mutanen ake yi. Yaƙe-yaƙen daulolin Akan su ne babbar hanyar samun kamammu, kuma bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a tsakiyar ƙarni na 18, ta ɗora musu gandu wanda har da bayi a ciki. Salaga, kasuwar da fataken Hausa suka sani ta wajen goro, kasuwar bayi ce kuma, bai kamata a faɗi na farkon a ɓoye na biyun ba. Ko bayan da Holan ta haramta fataucin a 1814, ba a daina fitar da mutanen arewa ta Elmina ba. Tsakanin 1831 da 1872 an ɗebi 'yan Afirka kusan 3,000 aikin soja zuwa Jawa, a Indonesiya ta yau, da yawansu bayi ne da aka fanso daga hannun Asante ana cire kuɗin fansar daga albashinsu.

Ingila ta karɓi sansanin a 1872. Mutanen gari da dama suka ƙi mulkinta, aka kori sarkinsu Kobina Gyan zuwa Saliyo, a 1873 kuma aka yi wa tsohon garin ruwan wuta har ya zama kufai, ba a sake gina shi a wurin ba. A sansanin aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896. Daga baya ginin ya zama makarantar horar da 'yan sanda, a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran sansanonin gaɓar.

Gardama kan yadda za a tuna da wurin ta fito fili a shekarun 1990, lokacin da aka gyara sansanonin Elmina da Cape Coast da tallafin Amurka domin jawo masu yawon buɗe ido. Baƙaƙen fata na Amurka da Karibiyan, waɗanda ke ɗaukar kurkukun tamkar makabartar kakanninsu, suka ce farar ƙasa da fenti da shagunan tsaraba shafe laifi ne, kuma abin takaici ne a karɓi kuɗin shiga daga jikan wanda aka fitar ta ƙofar a ɗaure, a farashin baƙo. Mutanen Elmina kuwa suna ganin tarihinsu na shekara 500 ya fi ƙarfin babi ɗaya: akwai zinariya, akwai auratayya da Turawa da ta bar sunayen Holan a gidajensu, akwai garin da aka ƙone. Ga kuma abinci, domin masunta ne talakawa, baƙi kuma kuɗi suke kawowa. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai abin da mutanen gaɓa suka fi nauyin baki a kai shi ne rawar da kakanninsu suka taka a matsayin dillalai.

Gwamnatin Gana ta bi hanyar maraba da 'yan uwa na ƙetare, da bikin PANAFEST tun 1992 da Shekarar Komowa a 2019. Firaministan Holan na lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara kan bauta a Disambar 2022, Sarki Willem-Alexander ya maimaita a Yulin 2023, amma batun diyya yana nan ba a warware ba. Waɗanda aka fi mantawa da su a wannan muhawara su ne al'ummomin arewacin Gana, inda aka yi ta kai hari ana kwashe mutane. Rijiyoyin da aka shayar da bayi suna nan a Salaga, amma kaɗan ne daga cikin baƙin da ke cika Elmina suke ƙarasawa can.