Hunturu: Yadda ake kare fentin mota a Sabon Birni da Isa

A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar Sakkwato, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, da wuya mota ta kwana a waje lokacin hunturu ba ta wayi gari lulluɓe da ƙura ba.

Abin da akasarin direbobi kan yi da safe shi ne su ɗauko busasshen tsumma su goge ta.

To sai dai wannan gugar ta fi ƙurar kanta yi wa fenti illa.

Yashi ya fi fenti tauri

Iskar hunturu, wadda kan kaɗa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗa da yashin da ke tashi daga hanyoyin ƙasar Gobir.

Ƙwayoyin yashin sun fi fenti tauri, har ma sun fi gilashi.

Shi kuwa fentin da kamfani ke yi wa mota hawa-hawa ne, kuma duka kaurinsa bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba.

Hawan ƙarshe, wanda ba shi da launi, shi ne ke sa ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana.

Idan aka goge ƙura a bushe, tsumman kan ja yashin a kan wannan hawa, ya bar ƙananan zane-zane.

Daga nan sai ranar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ta ƙarasa aikin: fentin ya koɗe, ya soma ɓarewa.

Bokiti biyu

Matakin farko shi ne a watsa wa motar ruwa daga sama zuwa ƙasa, domin yashin ya sauka kafin hannu ya taɓa ta.

Sannan a tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, domin kada yashin ya koma jikin motar.

Tayoyi su ne na ƙarshe, kuma da tsumma na dabam.

Omo da sabulun wanke kwanoni kan cire man da ke kare fenti, don haka sabulun wanke mota ya fi dacewa.

A yi wankin da sassafe ko da yamma a cikin inuwa, a kuma tsane motar nan take, saboda ruwan rijiya ko na burtsatse kan bar farin tabo idan ya bushe da kansa.

Kaki da folish

Folish yana dawo da ƙyalli ne ta hanyar kankare ɗan kaɗan daga hawan ƙarshe, saboda haka yawan yin sa na cinye fentin.

Kakin mota kuwa, wanda ake samun wani nau'insa daga ganyen bishiyar karnauba ta ƙasar Brazil, rufe fentin yake yi, kuma shafa shi duk bayan wata uku ya wadatar.

Inuwar dogon yaro na da amfani, amma kashin tsuntsaye na cin fenti idan ya daɗe, don haka a jiƙa shi a cire da wuri.

Kada kuma a rufe mota mai ƙura da tamfol, domin iska za ta riƙa goga shi a jikinta.

Tun bayan faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, motoci da fenti sun yi tsada.

Ga kuma matsalar tsaro a hanyoyin yankin, wadda ta sa kai mota wurin mai fenti a birnin Sakkwato ya zama abin da sai an yi shawara.

Ga direban haya, fentin da bai koɗe ba na nufin kuɗi mai kauri ranar da zai sayar da motar.