Baƙon da ke tambayar farashin buhu

Mai riƙe da littafin ƙungiyar manoman albasa a Galmi ya san abin da wani lokaci ko shugaban bai sani ba: buhu nawa ke cikin rudu (rumbun ajiyar albasa), wa ya ci bashin taki, yaushe motar Abijan za ta zo lodi. Shi ya sa masu binciken kasuwa ke nemansa. Maimakon su bi manoma ɗari ɗaya bayan ɗaya, sai su zaɓi ɗan gida guda, su jera masa tambayoyi, duk abin da ya faɗa su rubuta shi a matsayin bakin ƙungiya. Haka suke yi da dilan simintin Malbaza, da sakataren manoman rani na Konni, da dillalin hatsi a kasuwar Laraba.

Aikin kansa ba laifi ba ne. Jami'an SIMA, ma'aikatar tattara bayanan kasuwannin amfanin gona, sun daɗe suna zagaya kasuwannin Nijar suna rubuta farashin tiyar gero da dawa, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake hango tsada tun ba ta iso ba.

Amma mutum ɗaya ba ƙungiya ba ne. Tun 1981 wani masani a Amurka, Lynn Phillips, ya yi wa ma'aikata daban-daban na kamfanonin sari tambayoyi iri ɗaya, ya ga amsa tana bin kujerar da mutum yake kai. A nan ma haka ne. Shugaba zai ce lafiya lau don kada a raina shi. Ma'aji zai yi kukan babu, musamman in ya zaci baƙon ɗan furoje ne mai rabon tallafi. Mai sito, wanda ya ga albasar da ta ruɓe da idonsa, sau da yawa ba a ma tambayarsa. Kamfanin da ya tsara farashin iri ko taki a kan bakin mutum ɗaya, manomi ne zai biya kuskuren.

Sai kuma mai shigar burtu. Ya zo da waya da ɗan kuɗin goro, ya ce bincike yake, alhali ɗan aiken wani babban mai saye ne daga Illela ta Sakkwato ko daga gabar teku. Da ya ji rudu ya cika kuma bashi ya matso, ya san inda zai karya farashi.

Mai bincike na gaskiya yana faɗin sunan wanda ya aiko shi da abin da za a yi da amsoshin, kuma ba ya fushi in aka ce sai an shawarci shugabanni. Sunayen mambobi da lambobin wayarsu kuwa ba na sakatare ba ne balle ya kyautar. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai da ake kai wa ƙara in an yi amfani da su ba da izini ba.