Manhajar kyauta ce, kada a sayar maka da ita

Duk matashin da ya gama karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Fasaha ta Minna ko ta IBB da ke Lapai, ya dawo Diko yana zaman jiran bautar ƙasa, da wuya bai ci karo da irin tallar nan a WhatsApp ba. Wai a biya kuɗi, cikin 'yan kwanaki a koya maka nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta, a saka maka manhaja, a ba ka satifiket.

Fannin dai na gaske ne. A watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta tsarin gadon ƙwayar korona, karo na farko a Afirka, kuma da irin wannan ilimi ake bin sawun zazzaɓin Lassa. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, kayan aikin ba na sayarwa ba ne. Manhajoji irin su R da Python da Linux kowa na iya sauke su. BLAST, da ake kwatanta jerin DNA da shi tun 1990, yana nan a buɗe a shafin NCBI. Galaxy kuwa a intanet ake aiki da ita, nauyin lissafin yana kan manyan kwamfutocin masu ita, don haka tsohuwar kwamfutarka ma ta wadatar.

Koyarwar ma haka. Ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012 da cibiya a Jami'ar Cape Town, ta fara kwas na masu farawa kyauta a 2016, malami na koyarwa ta intanet, ɗalibai na zaune aji-aji a ƙasashensu, har da Najeriya. Darussan Galaxy na nan a rubuce.

Ba laifi ba ne malami ya karɓi ladan wahalarsa. Amma ka tambaye shi aikin da ya taɓa yi. In ya miƙo maka manhajar sata a filash, ka ƙi, don ta nan ake kwaso ƙwayar da ke lalata kwamfuta. Kada kuma ka ɗora sakamakon gwajin majinyaci a wani shafi ba da izininsa ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi bayanan lafiya da na gado.

Kuɗin da za ka kashe na data ne da caji, tunda wutar Diko sai addu'a. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya sauke darasi ya raba wa sauran, ku tsayar da rana guda a mako.