RUBUTA FAGEN FAMA: ABIN DA MARUBUCI ZAI KOYA DAGA LAMISULA

Tun ran da aka fara buga ƙagaggun labarai da Hausar boko, babu abin da ya kai labarin yaƙi jan hankalin masu karatu. Yaro yakan tsallake shafi goma na hira don ya isa wurin da aka zare takubba, babba kuwa yakan koma ya sake karanta wurin. Amma duk da wannan farin jini, fagen fama shi ne wurin da marubuta suka fi yin tuntuɓe. Da yawa suna tsammani idan an ambaci ƙura da jini da kururuwa an gama aiki, alhali kuwa mai karatu zai rufe littafi bai san wanda ya tsaya gabas ba, balle dalilin da ya sa wancan ya ci wannan.

Duk marubucin da yake so ya auna aikinsa, to, ya ƙaddara cewa mutumin Lamisula ne zai karanta shi. Lamisula unguwa ce daga cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri. A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ofishin 'yan sanda na wannan unguwa yana cikin wuraren da aka fara kai wa hari. An shafe kwanaki ana ɓarin wuta a cikin gari, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, aka kuma kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, ran 30 ga watan. Shekarun da suka biyo baya sun fi tsanani, har a 2013 samarin gari suka ɗauki sanduna don tsare unguwanninsu, aka yi musu laƙabi da Ƙato da Gora. Mutumin da ya rayu cikin wannan hali ya san ƙarar bindiga ta kusa da ta nesa, ya san yadda ƙafa take mutuwa saboda tsoro. Ba a yi masa ƙarya game da faɗa.

GADON DA AKA TARAR

Ƙasar Barno ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Limamin Mai Idris Alauma, watau Ahmad ɗan Fartuwa, ya rubuta littattafai biyu da Larabci a 1576 da 1578 a kan yaƙe-yaƙen sarkinsa. A ciki har ya kawo labarin harin da Mai Idris ya kai ƙasar Kano, inda ya rushe garuruwa masu shinge amma Dala ta gagare shi. Littattafan nan tarihi ne, amma mai ƙaga labari zai sami darasi babba a bayanin da limamin ya yi na yadda aka ci garin Amsaka. Garin yana da shinge, yana kuma da gwalalo kewaye da shi. Da farko aka cika gwalalon da karan dawa, mutanen gari suka cinna masa wuta. Sai aka koma cikawa da ƙasa. Aka gina hasumiyoyi inda 'yan bindiga za su hau su riƙa harbi cikin gari. Kowane mataki yana da dalili, kowace dabara ta haifi martani, martanin kuma ya haifi sabuwar dabara. Wannan sarƙa ita ce ƙashin bayan fagen fama.

A ɓangaren Hausa kuwa, gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ta fito da littattafai biyar, biyu daga cikinsu sun zama tamkar hanyoyi biyu da suka rabu. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya ɗauki hanyar jarumi mai bugun ƙirji, wanda ya kara da Turawa a Kwantagora da Burmi, sa'an nan ya zarce har ƙasashen aljannu. Ƙarfin littafin yana cikin harshensa mai kama da kirari, da kuma cewa an dasa rabinsa na farko a kan yaƙe-yaƙen da aka yi da gaske, waɗanda a lokacin akwai sauran tsofaffin da suka halarce su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ɗaya hanyar. Ya nuna harin bayi ta idon wanda abin ya faɗa wa, watau yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta.

Daga baya Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya ƙara wa hanyar farko ƙarfi. A 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda bindigar zamani da tsofaffin sojojin yaƙin basasa suka maye gurbin doki da mashi. Da kasuwar littattafan Kano ta bunƙasa, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika rumfuna da labaran sadaukai da matsafa. Saboda haka matashin da ya ɗauki alƙalami yau, ko ya buɗe wayarsa zai rubuta, yana da magabata da yawa.

A FARA DA FILI

Abu na farko shi ne marubuci ya san filin kafin ya zuba mutane a cikinsa. Ina ƙofa take? Lungun nan yana ɓullewa ko kuwa ya toshe? Katangar za ta tsallaku ga mai rauni a ƙafa? Rana tana bayan wa, tana idon wa? Yana da kyau ya zana taswirar wurin a takarda, ko da ba za ta shiga littafin ba. Sa'an nan ya sanar da mai karatu waɗannan abubuwa tun ana zaman lafiya. Idan rijiya ce za ta ceci jarumi a shafi na 50, to, a ga mata suna ɗiban ruwa a cikinta tun a shafi na 10. Tsayawa a tsakiyar artabu don bayyana fasalin gida yana kashe labari, kamar makaɗin da ya ajiye kalangu ana cikin dambe don ya gyara tsarkiya.

Haka kuma kayan faɗa suna da halinsu. Lifidi yana tare kibiya, amma yana da nauyi, yana gajiyar da doki, wuta kuma tana kama shi. Bindigar ɗuri idan ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗura mata albarushi, a wannan ɗan tsakani ne mai takobi yake samun ƙofa. Kwari yana ƙarewa, harsashi ma haka. Marubucin da jaruminsa yake harbi tun safe har la'asar bai nemi ƙari ba, ya nuna bai tambayi kowa ba. Tsofaffin sojoji da maharba da 'yan dambe suna nan a kowane gari, ilminsu kuwa kyauta ne ga mai ladabin tambaya.

ME ZA A RASA?

Na biyu, faɗa ba ya kama zuciya sai an san abin da za a rasa. Mutum dubu da suka mutu ba suna ba su kai mutum ɗaya da aka san sunan 'yarsa nauyi a zuciyar mai karatu ba. Kafin a zare makami, ya kamata a san abin da kowane ɓangare yake nema da abin da yake tsoro, har shi kansa mugun. Jarumin da ƙarfe ba ya cinsa, wanda aka tabbata ba zai faɗi ba, ba ya sa gaban kowa faɗuwa. Masu kallon dambe sun san wannan. Abin da ya riƙa tara jama'a wurin Shago, wanda Ɗan Anace ya wasa, shi ne sanin cewa duk ƙarfinsa, hannu ɗaya yana iya kai shi ƙasa.

Dole ne kuma faɗan ya juya. Tarihin Barno ya ba da misali. Bayan Rabe ya ci Kukawa a 1893, Shehu Kyari ya tara runduna ya tare shi a Gashegar. Da farko mutanen Barno suka yi rinjaye har suka shiga sansaninsa, sai suka shagala da kwasar ganima. Rabe ya tattara mutanensa, ya sa aka yi wa shugabannin tutocinsa bulala, har da ɗansa Fadlallah, ya komo musu. Aka kama Kyari da rauni a jikinsa, aka kashe shi. Nasara ta koma asara, kuma halin mutane ne ya juya ta, watau kwaɗayi a wannan gefe da taurin zuciya a wancan. Haka ya kamata juyin ƙagaggen faɗa ya fito daga halin mutanen labarin. Taimakon da ya faɗo daga sama ba tare da shiri ba yaudara ce.

IDO GUDA, NUMFASHI GUDA

Na uku, a zaɓi ido guda. Wanda yake cikin gumurzu ba ya ganin fage duka. Abin da yake gani shi ne bayan na gabansa, da ƙura, da dokin da ya rasa mahayi. Ko a Kuseri, ran 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a yini guda, ƙaramin soja bai san an gama ba sai da labari ya iso shi. Marubucin Faransa Stendhal ya yi suna saboda ya jefa wani saurayi cikin yaƙin Watalu, ya bar shi yana dimuwa har yana tambayar kansa ko yaƙin ne ya halarta. Wannan dimuwa ta fi bayanin janar kama da gaskiya.

Sai maganar harshe. A nan Hausa ta yi wa marubuci gata. Jerin aikatau irin na "ya zabura, ya goce, ya kai sara" yana gudu da kansa ba tare da ado ba. Ga kuma kalmomin amsa-kama, irin su wuf da tim da caraf da ɗif, waɗanda ɗaya takan ɗauke aikin jimla guda. Sai dai gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci. Alal misali, wani zai rubuta: "Aka yi mummunan ɗauki-ba-daɗi mai ban tsoro, jini ya malala, maza suka yi ta faɗuwa." Wani kuma ya rubuta: "Majayin sirdinsa ya tsinke. Ya ji kansa yana zamewa hagu, ya saki mashi ya rungumi wuyan doki." Na farko ya faɗa wa mai karatu ya ji tsoro, na biyu ya ɗora shi bisa sirdin.

Jimloli su gajarta inda abu ya yi zafi, su miƙe inda aka sami sararin numfashi, gama faɗan da ba shi da lafawa yana gundura kamar kiɗan da ba shi da sauyi. Kirari yana da gurbinsa, kafin a haɗu ko bayan an rabu. Amma mutumin da ake kai wa sara ba shi da numfashin jawabi mai layi goma. Ba kuma dole ne a ƙirga kowane naushi ba. A zaɓi uku ko huɗu da suka sauya al'amari, sauran a bar wa mai karatu ya cika.

BAYAN ƘURA TA LAFA

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ne mutumin Lamisula zai fi dubawa. Faɗa yana da gobe. Akwai wankan gawa da zaman makoki, akwai mai raunin da zai shekara yana ɗingishi, akwai yaron da ƙarar rufe ƙofa take firgitawa, akwai kasuwar da ba ta ci ba. Wanda ya kashe mutum, ko da bisa gaskiya ne, ba ya kwana yadda ya saba. Littafin da jaruminsa ya hallaka ɗari sa'an nan ya wanke hannu ya zauna cin tuwo yana raha, ya koya wa yara cewa rai ba shi da tsada.

A nan ne nauyin marubuci yake. Yawancin masu karanta labaran yaƙi samari ne, a cikinsu akwai waɗanda wata rana wani zai zo ya yi musu tayin makami da alkawarin ɗaukaka. Idan duk abin da suka karanta ya nuna musu faɗa ado ne da kirari, to, an share wa mai tayin hanya. Idan kuwa sun karanta shi da zafinsa da warinsa da hawayen da yake bari, sun sami abin da za su auna maganarsa da shi. Wannan bai hana a rubuta jarumtaka ba. Jarumtaka gaskiya ce, mutanen Maiduguri sun gan ta a wurin waɗanda suka tsaya tsare maƙwabtansu da sanda. Sai dai an fi ganin girmanta idan an nuna tsoron da mai ita ya danne.

Akwai kuma ladabi ga waɗanda abin ya shafa. Mai ɗaukar labarin gidan da aka yi rashi ya sauya sunaye da kamanni, kada ya mai da baƙin cikin wasu kayan nishaɗi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sun kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Har yanzu labaran shekarun nan na Barno suna bakin mutane, a zauruka da tashoshin mota da sansanonin 'yan gudun hijira, da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Ɗan Fartuwa ya rubuta na zamaninsa, shi ya sa bayan shekara fiye da 400 ake sanin yadda aka cika gwalalon Amsaka. Na wannan zamani yana jiran masu alƙalami. Allah ya ba su basira da riƙon amana, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.